Ramin da Wayar Wuta Ke Bi Daga Inji Zuwa Cikin Mota: Yadda Ake Toshe Shi Daidai

Kayan fasahar da matasa ke ƙara wa mota a yau ba su ƙirguwa. Wani ya cire tsohuwar rediyo ya sa allon Android, wani ya maƙala kyamara a gilashin gaba, wani ya ɓoye na'urar bibiya ta GPS saboda ɓarayi. Akwai mai wufa da amfulifaya a but, akwai kuma direban haya da ya sa inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida, don ya riƙa cajin kwamfuta da wayoyi uku a lokaci guda.

Kafin a sayi kowacce a cikinsu, sai an kalli bidiyonta a YouTube, an kwatanta farashi, an karanta abin da masu saye suka ce. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta ina wutarta za ta bi. A yawancin motoci batir yana gaba a ɗakin inji, na'urar tana cikin mota, a tsakaninsu kuma akwai bangon ƙarfe. Dole wayar ta ratsa bangon nan ta wani rami da bai fi faɗin murfin kwalbar lemo ba. Idan aka yi wa ramin aikin gaggawa, ta nan ruwan damina zai shiga ya lalata kwamfutar mota, ta nan hayaƙi zai bi ya sa direba gyangyaɗi, kuma a nan ne wayar za ta goge har ta kama da wuta.

Da yake Hausa ta haɗa salula da igiyar lantarki a suna ɗaya, duk inda aka ce waya a wannan darasi wayar wuta ake nufi. Ta aljihu za a kira ta wayar hannu.

Bangon da ake magana a kai

Idan aka ɗaga bonet aka duba can bayan inji, ƙarƙashin gilashin gaba, ƙarfen da ido zai tsaya a kansa shi ne bangon. Ta ciki kuma yana bayan dasbod da fedar birki, an lulluɓe shi da kafet da soso mai rage ƙara. Sunansa a bakin makanikai fayawol, sunan da masu kwamfuta ma ke kiran manhajar da ke tsare na'ura daga kutse. Asalinsa katangar da ake ginawa don hana gobara tsallakawa daga wani sashe zuwa wani. A mota aikinsa ke nan: ya raba mutane da zafi, ƙara, hayaƙi da wutar da ka iya tashi a ɗakin inji.

Bangon ba a rufe yake ruf ba. Sandar sitiyari ta ratsa shi, sandar birki ta ratsa shi, haka babban damin wayoyin mota, igiyar buɗe bonet, tiyo biyu na hita, bututan na'urar sanyi da ɗan tiyon da ke zubar da ruwanta. Sai dai kamfani bai bar ko ɗaya daga cikinsu ya taɓa ƙarfe tsirara ba. Kowanne yana cikin zoben roba mai tsagi a gefe, wanda bakin ƙarfen ke shiga cikinsa ya zauna. Sunan zoben giromet. Wanda ya taɓa zaro mazaunin layin SIM na wayar hannu mai jure ruwa ya ga ɗan siririn zoben roba a wuyansa. Dabarar ɗaya ce, girma ne ya bambanta.

Zoben nan ayyuka biyu yake yi, kuma rashin rarrabe su ne ke ɓata yawancin aikin da ake yi a bakin titi. Na farko, yana hana bakin ƙarfe yanka abin da ya ratsa. Na biyu, yana toshe hanyar iska da ruwa. Gam yana iya yin aiki na biyu, amma ba ya yin na farko. Mai wayarin da ya zura waya ta ramin ƙarfe tsirara sannan ya shafe wurin da silikon ya rufe wa mai mota ido ne kawai, domin ƙarfen yana nan yana cin wayar a ƙarƙashin gam ɗin.

Abin da ya sa volt 12 ke ƙona mota

Mutane da yawa suna raina wutar batir saboda ba ta jan mutum idan ya taɓa. Gaskiya ne volt 12 ba ta ja, amma batir ɗin da ke juya inji da safe yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a take, amfiya kuwa ita ce ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Cajar wayar hannu mai wat 30 ba ta wuce amfiya 3 a mota. A kwatanta.

Ga inda haɗarin yake. An haɗa kan batir mai alamar ragi da jikin motar kanta, saboda haka duk ƙarfen mota, har da bangon nan, hanya ce ta komawar wuta. Jar wayar da aka ɗauko daga kan batir mai alamar ƙari, abin da ya raba ta da jikin mota shi ne rigar roba mai kaurin milimita ɗaya ko biyu. Inji yana jijjiga, hanya tana da gargada, zafin ɗakin inji yana tausasa rigar. Bakin ramin da aka huda kuwa kaifi ne da shi kamar bakin gwangwanin madara. Duk wanda igiyar cajarsa ta taɓa tsagewa a wuya ya san yadda lanƙwasa a wuri ɗaya kullum ke cinye roba. Wata uku, wata shida, ko shekara, sai jan ƙarfen ciki ya taɓa bango. A wannan lokacin babu abin da ke rage gudun wutar. Wayar za ta yi ja, rigarta ta narke ta kama, kuma a bayan dasbod babu komai sai roba da soso. Kashe mota ba ya tsayar da ita, domin wayar kai tsaye take daga batir ba ta bi ta makulli ba. Hakan na iya faruwa da motar da aka ajiye a cikin gida da tsakar dare.

Abin da ke tsayar da wannan shi ne fiyus, kuma wurin da aka sa shi ne muhimmi. Fiyus yana kare abin da ke bayansa ne kawai. Wanda ke jikin amfulifaya a but ba ruwansa da abin da ya faru a bangon inji, tunda wutar ba za ta iso gare shi ba. Shi ya sa masu haɗa sautin mota ke bin ƙa'idar kada tazarar fiyus da batir ta wuce inci 18, kusan santimita 45, kuma gwargwadon kusancinsa gwargwadon amfaninsa. Ko yaya dai, dole ya kasance kafin wayar ta iso bango. Girmansa kuma da kaurin wayar ake auna shi. Fiyus mai amfiya 100 a kan siririyar waya ado ne, don wayar za ta riga shi narkewa.

Ita ma wayar a kula da irinta. Inbata mai wat 1000 tana jan kusan amfiya 100 daga batir, wanda ke buƙatar waya mai kauri irin lamba 4 ko abin da ya fi ta, kuma a wannan lissafin ƙaramar lamba ita ce waya mafi kauri. A kasuwa akwai masu araha waɗanda cikinsu alminiyam ne aka yi masa rufin jan ƙarfe. Alminiyam kashi 60 da 'yan kai cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka, don haka ya fi saurin zafi. Idan aka kankare silin wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, ita ce. Wayar wayarin ɗin gida mai sili ɗaya kuwa ba ta mota ba ce sam: jijjiga tana karya ta, rigarta ma ba a yi ta don zafin inji ba.

Ruwa, ƙura, ɓera da hayaƙi

Ruwan da ya sauka a gilashin gaba yana gangarawa ne cikin wani kwarin ƙarfe da ke ƙarƙashin waifa, daidai saman bangon. Idan ganyen darbejiya da yashi suka toshe magudanarsa, sai ya tumbatsa ya bi jikin bango. Masu wankin inji da injin feshi su ma kai tsaye suke harba ruwa wurin. Ruwa kuwa yana bin waya kamar yadda yake bin igiyar guga. Idan wayar ta gangaro daga sama ta shiga rami, an shimfiɗa masa hanya ke nan. Daga ciki, a motoci da dama akwatin fiyus da kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira biren bos, suna kusa da wurin ajiye ƙafa. Sosan da ke ƙarƙashin kafet yana riƙe ruwa makonni ba tare da saman ya nuna ba. Sai dai a ji wari, gilashi ya riƙa yin raɓa ta ciki, daga baya fitilun dasbod su fara kunna kansu.

Da hunturu ƙura ce ke bi. Ɓera kuwa ramin da fensir zai shiga, milimita 6 zuwa 7, ya ishi ƙarami ya kutsa, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mafi muni shi ne wanda ba a gani. Iskar kabon monoksaid, wadda ke kashe iyalai idan aka kwana da janareto a ɗaki, ita ce dai ke fita daga injin mota. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200. Tsohuwar 'yar Kwatano da salansarta ke yoyo a kusa da inji tana cika ɗakin inji da ita, fankar lagireto kuma tana tura iskar baya zuwa bango. Yoyon da ke wurin yana gaban matatar hayaƙin da ake kira indomi, saboda haka hayaƙin ɗanye ne, ballantana motar da aka riga aka cire mata indomin aka sayar. Sassauta gilashi kaɗan ba lallai ya taimaka ba, domin iskar da ke wucewa ta waje tana zuƙo ta cikin mota, ita kuma ta ɗakin inji ta shigo ta maye gurbinta ta kowace kafa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da barcin da ke zuwa idan an daɗe a mota ya tafi idan an fita, alamu ne da bai kamata a ɗora wa gajiya ba, musamman ga mai doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Maiduguri.

Shin sai an ratsa bangon?

Sau da yawa a'a. Kyamarar gaba, na'urar bibiya, caja da allon Android duk ba sa jan wuta mai yawa, kuma akwai akwatin fiyus a cikin mota da za a ɗauko musu wuta da ɗan soket ɗin da ke shiga gurbin fiyus ya ba da layi na biyu mai nasa fiyus. Ramin caja na dasbod yawanci fiyus mai amfiya 10 ko 15 ne a kansa, wato wat 120 zuwa 180. Duk abin da bai kai haka ba babu dalilin jawo masa waya daga batir. A wasu motocin BMW da Mercedes-Benz ma batir ɗin a but yake.

Waɗanda ba makawa sai sun ratsa su ne babbar inbata, amfulifaya, da wayar makunnin ƙarin fitilun gaba. Su ma ba a fara da huda. A fara neman ƙofar da kamfani ya bari. Motar da aka ƙera iri biyu, mai kuloci da otomatik, sau da yawa mai otomatik ɗin tana da toshiyar roba a wurin da kulocin zai ratsa, kuma babu hanyar da ta fi wannan sauƙi. Wasu zoben babban damin wayoyi suna da 'yan nonuwa na roba a gefe waɗanda aka tanada don a yanke kansu a zura ƙarin waya.

Akwai wani rukuni da ya kamata a duba da kyau. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi, sitiyari a hagu, amma ana shigo da motoci masu sitiyari a dama a juya su. Juyin yana barin manyan ramukan sitiyari da birki a tsohon ɓangaren, kuma ba kowane mai juyi ke rufe su da faranti ba. Wani kafet kawai yake mayarwa a kai.

Zura waya ta zoben da ke nan

Kafin komai a cire kan batir mai alamar ragi, a jira 'yan mintoci saboda jakar iska tana riƙe ragowar wuta. Wayoyi masu soket ruwan ɗorawa nata ne, ba a taɓa su. A mota mai haɗin batir da inji irin Prius, kaurara masu launin lemo suna ɗauke da sama da volt 200, su ma a yi nesa da su.

Ramin da za a yi a roba ya zama ya fi wayar ƙanƙanta, don robar ta shaƙe ta da kanta. Basilla ko ƙaramar ƙusa ta isa, a huda a gefe, nesa da damin wayoyi, kuma ana kallon ɗaya ɓangaren. Tsaga robar da reza kamar alamar ƙari kuskure ne, domin kusurwoyin ba sa rufuwa kuma tsagar tana ci gaba. Cusa ƙarfe mai kaifi a makance ya fi muni. A cikin damin akwai siraran wayoyi biyu a murɗe da juna waɗanda kwamfutocin mota ke magana ta cikinsu. Ƙwarzane ɗaya a jikinsu yana iya jawo matsalar da za a yi wata guda ana zagaye gareji ba a gano ta ba.

Don wayar ta zame cikin sauƙi, ruwan sabulu ake shafawa. Ban da baƙin mai, ban da giris. Irin robar da aka fi yin zoben da ita, EPDM, tana jure zafi da ruwa amma tana kumbura ta ruɓe idan ta sha mai.

Idan dole sai an huda

A duba ɓangarori biyu, a auna daga wani abu da ake gani ta ciki da waje, kamar sandar sitiyari. A bayan bangon akwai tukunyar birki da bututanta, akwatin hita da na'urar sanyi. A janye kafet da soso, a buga alama da ƙusa don bakin injin huda kada ya zame, a naɗa salatif a jikinsa yadda ba zai wuce santimita ɗaya ba bayan ya ɓula. A fara da ƙaramin baki, sannan a faɗaɗa da irin bakin nan mai hawa-hawa, wanda ke ba da rami zagayayye a siririn ƙarfe.

Zoben ake fara saye kafin a huda, tunda shi zai faɗi girman ramin. Awo uku gare shi: faɗin ramin ƙarfe, faɗin tsagin da zai kama kaurin bangon, da ramin ciki da zai kama wayar. Bayan huda a goge bakin da magagari har yatsa ya zagaya ba ya jin kaifi, a share garin ƙarfen, a shafa fenti a bari ya bushe. Ƙarfen da ba a yi wa fenti ba damina ɗaya ta ishe shi tsatsa.

Wanda ke son aiki mafi inganci ya nemi irin maƙoshin roba mai noti da masu haɗa sola da kyamarorin tsaro ke amfani da shi a jikin akwatuna. Idan aka ɗaure notinsa yana matse wayar ta kowane gefe, kuma da yawansu suna ɗauke da lambar IP68 ɗin da ake gani a tallan manyan wayoyin hannu: 6 tana nufin ƙura ba ta shiga, 8 tana nufin yana jure nutsewa a ruwa.

Abubuwa biyu suka rage, kuma su aka fi mantawa. A ɓangaren inji a bar wayar ta ɗan sauka ƙasa da ramin sannan ta hau ta shiga, yadda ruwan da ya biyo ta zai ɗige a gindin lanƙwasar. Sannan a ɗaure ta da maɗaurin roba a jikin abin da ba ya motsi, ciki da waje, kusa da ramin, don kada nauyinta ya zaro zoben. A sa ta cikin bututun roba mai tsaga, a nisanta ta da salansa, sandar sitiyari da fedoji. Wayar da ta saki ta naɗe fedar birki wani haɗarin ne na daban.

Wane gam?

Bayan zobe ya zauna ne ake maganar gam, don cike 'yar kafar da ta rage. Silikon iri biyu ne. Mai warin ruwan khal, wanda ake liƙa gilashi da tayil da shi, yana fitar da asid yayin bushewa, asid ɗin kuma yana cin jan ƙarfe da ƙarfen da ba fenti. Wanda ya dace shi ne marar wannan warin, musamman na inji da aka rubuta a jikinsa cewa ba ya cutar da na'urar auna oksijin ta salansa. Akwai kuma wani baƙin danƙo na butil da ba ya bushewa, ana mulmula shi da hannu a toshe kafa, ranar da ake son ƙara waya a ɓamɓare shi a mayar. A nesa da salansa ya fi silikon daɗin aiki.

Tsumma da leda ba toshiya ba ne, makamashi ne. Baƙin salatif yana warwarewa idan ya ji zafi. Sufa gulu yana sandarewa ya fashe. Kumfar gwangwani da magina ke cusawa a gefen taga tana cin wuta, tana riƙe danshi, kuma duk makanikin da ya zo aiki bayanta sai ya yi Allah ya isa.

Tiyo

Tiyon hita biyu suna kai ruwan lagireto cikin mota su dawo da shi, ruwan da zafinsa ke kaiwa digiri 90 ko fiye. Kada a bi zobensu da waya don an ga wuri ne mai sauƙi. A ƙasashen zafi, idan hita ta fara yoyo, makanikai kan cire tiyon su haɗa su da juna a ɗakin inji. Babu laifi a dabarar, amma sau da yawa zoben yana fita tare da su a yar da shi, a bar rami biyu a buɗe.

Ɗan tiyon na'urar sanyi shi ne ke ɗigar da ruwan da ake gani a ƙarƙashin mota idan ta tsaya. Idan mai zura waya ya ture shi ya zame ciki, ko aka cika bakinsa da gam bisa zaton rami ne, ruwan zai koma kafet ɗin mai zaman gaba. Motar da aka kunna wa sanyi minti goma ba ta ɗigar da komai a ƙasa ba a lokacin damina, a duba shi.

Tun bayan cire tallafin mai a 2023 motoci da yawa sun koma iskar gas ta CNG, aikin kuma yana taɓa bangon nan. Makunnin da ke sauya fetur da gas yana kan dasbod, wayoyinsa ta bango suke bi, kuma suna buƙatar zobe kamar kowace waya. Na'urar da ke rage ƙarfin gas ɗin a ɗakin inji da ruwan lagireto ake ɗumama ta, yawanci daga tiyon hita ake reshe, don haka a tabbata nauyin reshen ba ya jan tiyon a bakin bango. Bututun gas ɗin kansa, mai matsin da ke kaiwa ba 200, ta ƙarƙashin mota yake bi. Shi da tiyon fetur ba su da abin yi a inda mutane ke zama, ko wane irin zobe aka sa musu.

Binciken da wayar hannu za ta iya yi

Mai mota ba sai ya iya wayarin ba kafin ya duba aikin da aka yi masa, kuma kafin ya biya ya kamata ya duba. Ya kunna bidiyo da fitila, ya zura wayar hannu ƙarƙashin dasbod, ya bi jar wayar har inda ta fita. A hoton ya kamata a ga roba zagaye da ita, babu ƙarfe mai sheƙi a gefenta. Ya ja ta a hankali da yatsa biyu: idan tana zamewa gaba da baya, ba a ɗaure ta ba. Ya bi ta a ɗakin inji daga batir ya ga fiyus kafin bango. Akwai ƙananan kyamarori masu doguwar igiya da ake jonawa a ramin cajin wayar hannu, suna leƙa lungun da hannu ba ya kaiwa.

Da dare, inji a kashe, a ajiye wayar hannu da fitilarta a kunne a ɗakin inji tana haska bango, a sauke bonet ba tare da an kulle ba, a leƙa ta ƙarƙashin dasbod. Duk inda haske ya ɓullo, iska ma tana bi. Da rana kuma a shimfiɗa takarda busasshiya ƙarƙashin ramin ta ciki, a kwarara bokitin ruwa a gilashin gaba, a jira minti biyar a duba takardar. Silikon yana buƙatar kusan awa 24 kafin ya kama sosai, saboda haka gwajin ruwa da wankin inji sai washegari. Bayan mako biyu ana hawa a sake ɗaukar bidiyon a kwatanta da na farko, domin zoben da bai zauna a tsaginsa ba a 'yan kwanakin nan yake fitowa.